Wa Yake Murɗa Mini Kunnen Jita?

Rannan na bi ta gefen hawasharmu ta dā, gonar da aka yanka wa mahaifina a cikin filayen ban ruwa na Jazira, na tsaya ina neman abu ishirin ban gan shi ba. Abu ishirin shi ne ƙaramar magudanar da ke ɗebo ruwa daga babbar tur'a, wato uwar magudanai, ta bi ta kan gonaki a jere. Laka ta cike shi, ƙaya ta tsiro a ciki, kowa ya sayi injinsa yana jan ruwa ran da ya ga dama. Rakubar da muke fakewa daga rana, wato 'yar rumfarmu ta kara, ko gurbin dirkarta babu. Da na komo gari sai na tarar da samari a gindin dogon yaro da wata jita mai ƙyalli, sun kara mata waya tana gaya musu ko tsirkiya ta hau ko ta sauka. Suka ce da ni da Larabci wayar ba ta kuskure. Na ce to. Ni dai abin da aka ce ba ya kuskure, shi na fi sa wa ido.

Gara in faɗi halina tun da wuri, don in ban faɗa ba mutanen garinmu za su faɗa. Ni mutum ne mai zargi. In aka ba ni shayi ya cika zaƙi sai in fara tunanin abin da za a roƙe ni. Inna takan ce tun ina goye nake leƙa cikin ludayi kafin in sha. Ko jitar tawa, da na saye ta a hannun wani direban lori a kasuwar garin Hajj Abdalla, sai da na yi wuni ina jujjuya ta ina ƙwanƙwasa bayanta, har mutumin ya gaji ya haɗa mini da wata 'yar usur ta ƙarfe, ya ce in na hura, muryar da ta fito ita ce muryar babbar tsirkiya, sauran biyar a kanta ake saita su. Na kai ta gida a cikin buhun auduga. Baba ya dube ta daga inda yake zaune a kan buzunsa, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Kakanninmu sunka baro ƙasar Sakkwato da allo da gora suna biɗar hanyar Makka, ba su taho da wagga ba. Ban hana ka ba, amma ba ta kwana gidana.” Shi ke nan, sai ta koma rakuba, na rataye ta a wata ƙusa a jikin dirka, kamar kamu uku daga ƙasa.

Yaran yanzu suna da malamai a cikin waya, ana nuna musu inda kowane yatsa zai zauna. Mu kaset muke da shi da kunne. In na gama nome rabona kafin azahar, sai in wanke hannu, in zauna a rakuba da rikodar da na aro, in saurari gaɓa ɗaya, in tsayar, in juya kaset ɗin da biro don kada batir ya ƙare, in sake. Hannun da ya yi kanta da turiya, fartanyar nan tamu mai nauyi, na zaci ba abin da zai ba shi tsoro, sai ga siririn ƙarfe ya tsattsaga mini kan yatsu, har tsoma kisra, wainarmu ta dawa, a miya sai da dabara. Wata uku ina fama da sauyi guda daga wannan kamu zuwa wancan, jakin maƙwabcinmu yana taya ni. Waƙoƙin da suka kama ni kuwa ban san harshen rabinsu ba. Akwai na mutanen Kwango, inda jita biyu ke bin juna ba mai taka wata. Akwai na mutanen hamada, masu zama a kan gaɓa ɗaya har sai ta shige ka. Akwai na birni da ake sakawa a rediyo da hantsi, waɗanda mata ke wanki da su. A wurina babbar waƙar jita ita ce wadda tun bugu uku na farko ka san ita ce, kuma mai kiɗan ya san inda zai ɗauke hannu ya bar ta ta huta. Masu gudu a kan tsirkiya kamar an biyo su, har yau ina zaton akwai abin da suke ɓoyewa.

Mutum ɗaya ne yake jure wa koyon nan nawa, shi ne Abakar. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi allo, gonar ubansa tana manne da tamu a can wutsiyar abu ishirin, inda ruwa ke isowa a gajiye. Abakar bai iya kiɗa ba, bai ma taɓa cewa yana so ba. Yakan kwanta a kan buhu ya rufe fuska da hula, in na yi kuskure ya ce, “Wurin nan ka faɗi jiya ma.” Abin da ya iya shi ne ban ruwa. A zamanin nan ruwa layi ne, kusan duk mako biyu gafir mai tsaron tur'a zai buɗe mana, mu sha kwana uku ko huɗu, ya rufe. Wanda ya yi sake alkamarsa ta ƙone, wanda ya cika hannu ta ruɓe. Abakar kan tsaya a bakin kunya ya dubi ruwa ya san ya isa. Saboda haka tsofaffi da matan da mazansu suka tafi ci-rani duk shi suke damƙa wa gonakinsu, da abin da suke ba shi yake riƙe da uwarsa. An shaide shi da cewa bai taɓa karkatar da ruwan wani zuwa gonarsa ba, kuma a wurinmu wannan shaidar ta fi takardar makaranta. Ranakun ruwa mukan raba aiki. Shi ya zauna cikin gonaki yana buɗewa yana toshewa, ni in tafi can kan magudana in yi gadi don kada na gaba su datse mana. Mutane suka ce ba a taɓa ba mai hali aikin da ya dace da shi kamar wannan ba. Ke nan duk ranakun ruwa ina nesa, Abakar ne da rakuba, da jita.

Abin ya fara ne cikin sanyi, lokacin alkama. Na dawo daga gadin kwana uku, na tarar buhun ba ya kan ƙusarsa. Yana can sama a jikin azara, an ɗaure shi da wani ƙulli da ba nawa ba. Ƙasan rakubar duk danshi ne, amma wannan ba baƙon abu ba ne a ranar ruwa. Na sauko da jitar, na hura usur, na buga babbar tsirkiya. Ta hau. Duk shidan sun hau, wata da yawa wata kaɗan. To ko wanda bai taɓa riƙe jita ba ya san tsirkiya in aka bar ta saki take yi, kamar igiyar shanya. Ba ta ɗaure kanta. In ta ɗaure, wani ya murɗa kunnenta. Na dubi Abakar yana wanke ƙafa a bakin ruwa yana 'yar waƙarsa, na ce a raina biri ya yi kama da mutum. Da ni mai hankali ne da na tambaye shi a take. Amma mai zargi ba ya tambaya, ajiyewa yake yi yana jiran ƙari.

Ƙari kuwa ya yi ta zuwa. Ranakun da ba ruwa, in na zo sai in iske ta ta ɗan saki kamar yadda aka saba. Ruwa na zuwa, in tafi gadi, in dawo in iske ta ta hau. Sau huɗu a jere. Na tsinko gashin wutsiyar jaki na gitta a bakin buhun, na dawo na same shi yadda na bar shi, tsirkiya kuwa ta hau. Maimakon in wanke shi, sai na ce lallai wayon Abakar ya kai inda ban zata ba, har gashin ya gani ya mayar. Na fara kallon kan yatsunsa in muna cin abinci ko zan ga sawun ƙarfe. Na fara fassara kwanciyar nan tasa da hula a fuska, na ce ashe ba barci yake ba, haddace kamuna yake. Abin da ya fi ci mini rai ba taɓawar ba ne, a'a, tunanin da na yi cewa wata rana a gidan biki zai karɓi jita a gaban jama'a ya fi ni, ni da na zubar da jinin yatsu. Kullum ina nanata wa kaina cewa ruwa ba ya tsami banza.

Zuwan ruwa na biyar, na buɗe buhu na ga siririyar tsirkiya ta tsinke, ta nannaɗe a wuyan jitar. A lokacin ba a samun tsirkiya a garinmu, sai an aika birni an jira wanda zai dawo. Ban ko rufe buhun ba na kama hanya. Ranar kasuwar Hajj Abdalla ce, na iske Abakar a wurin wata mai shayi inda mutanen ƙauyenmu ke zama, dattawa a kan benci, samari a tsaye. Na jefa masa tsinkakkiyar tsirkiyar a cinya.

Ya ɗauka ya duba, ya ce, “Ma'alesh, ya zol,” wato sannu, mutumina. “Yaushe ta katse?”

Na ce, “Kai za ka gaya mini. Wata biyu kana murɗa ta in na ba da baya. Na bar maka amana ka ci.”

Mai shayi ta tsayar da cokali. Abakar ya ce a hankali, “Wallahi ban taɓa murɗa kunnenta ba. Mi zan yi da ita?”

Na ce, “To a kawo Alƙur'ani ka dafa, ka ce hannunka bai taɓa kai wa gare ta ba, ko sau ɗaya.”

Na ga leɓensa ya motsa kamar zai yi magana, sai ya haɗiye. Ya ce, “Wagga rantsuwa ba ni yin ta.” Ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya tashi ya tafi. Ni kuwa na juya ga jama'a na ce, “Kun dai gani.” Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba, irin daɗin wanda ya daɗe yana haƙo ya kama.

Ban yi tunanin inda maganar za ta sauka ba. A wurina zancen jita ne, a wurin mutane kuwa zancen amana ne. Wanda ya ƙi rantsuwa a kan itace da waya, wa ya san abin da yake yi da ruwan mutane in ba kowa? Wata tsohuwa ta tuna cewa bara alkamarta ba ta yi kyau ba. Wani ya ce dama yana mamakin yadda gonar wutsiya take kore shar. Kafin ruwa ya sake zagayowa, mutum uku sun karɓe gonakinsu daga hannunsa, daga baya saura suka bi. Baba ya kira ni bayan la'asar ya ce, “Ka gan shi da idonka?” Na ce ban gani ba, amma alamu sun isa. Ya ce, “Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Kai ko ka kai naka kasuwa.” Na fita ina cewa a raina Baba dama can ba ya son jitar. Ba a yi wata ɗaya ba Abakar ya bar gonarsu a hannun wani ɗan uwansu, ya ɗauki uwarsa suka hau lori zuwa Abu Hujar, wurin kawunnansa masu noman bakin kogi. Bai yi mini sallama ba, ni ma ban je ba.

Da ruwa ya zo, dole na bar gadi na zauna ban ruwa da kaina. Da safe na saita tsirkiyoyin da usur, na rataye buhun inda nake hango shi daga kowace kunya. Ba wanda ya shiga rakubar, ko akuya. Ruwa ya kwanta a gonaki ko'ina, iska ta yi sanyi da laima. Washegari da la'asar na hura usur na buga, sai na ji ta hau. Amma ko a nan halina bai bar ni ba, sai da na zagaya rakubar ina neman sawu, har na fara zargin aljanun bakin ruwa. Na je na gaya wa Inna tana tuƙa asida. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, “Kai dai ba ka rabuwa da abin dariya. Ba itace ba ne? Ba ka ga ƙyauren ɗakina ba, da damina sai an sa kafaɗa, da rani iska ka buɗe shi? Itace ko ya mutu yana shan ruwa.” Ni da kaina, duk ranar ruwa, nakan tsoma ƙotar turiyata a abu ishirin don ta kumbura ta kama ƙarfe. Jikin jitar ne yake shan laima ya kumbura ya ja tsirkiya, in an rufe ruwa ya bushe ya saki. Ruwa da Abakar rana ɗaya suke zuwa rakubar, ni kuwa na kama wanda yake da fuska.

Kowa zai ce washegari na hau lori. Ban hau ba. Na dai gaya wa mutane a masallaci cewa na yi kuskure, suka ce Allah ya kyauta, amma magana zarar bunu ce, kuma gonakin sun riga sun shiga wasu hannuwa. Zuwa wurinsa ne ya gagare ni. Yau in ce zai yi mini dariya, gobe in ce zai zaci wani abu nake nema. Kuma akwai ɗan ƙashin da ya tsaya mini a wuya: in ruwa ne ya murɗa, to wa ya sauya ƙullin buhu, kuma me ya hana shi rantsewa? Da wannan na riƙa lallashin kaina shekara da shekaru. Na yi aure, na gina nawa gidan, jitar ta samu ɗaki. Kaset ya wuce, auduga ta ja baya, gafir ya bar bakin tur'a. Na ci gaba da kaɗawa bayan la'asar ni kaɗai, amma duk in na zo wurin nan da nake faɗuwa, sai kunnena ya jira muryar da za ta ce jiya ma nan ka faɗi.

Rasuwar Baba ce ta kawo shi. Rana ta biyu ta zaman makoki na ɗaga kai na ga wani mai furfura a gemu ya ɗaga hannu yana fatiha, na gane shi da tsayuwarsa. Ya zauna cikin jama'a, ya yi ta zuba wa baƙi shayi kamar ɗan gida. Ran da aka naɗe tabarmi, yana shirin tafiya, na ce ya raka ni gidana. Muka zauna a kan angarib, gadonmu na igiya, jitar tana rataye a bango a gabanmu. Na gaya masa komai, da ƙyauren Inna da ƙotar turiya. Na ce, “Na zalunce ka, Abakar. Na raba ka da garinku a kan banza. Ka yafe mini.”

Ya ce, “Halas, ya wuce, na yafe tun da daɗewa. Abu Hujar ta karɓe ni, ɗiyana can anka haife su.”

Ya kamata in yi shiru a nan, amma hali zanen dutse ne. Na ce, “To mi ya hana ka rantsewa?”

Ya yi murmushi ya girgiza kai. “Har yanzu kana nan yadda na bar ka. Ka tuna ruwan farko na alkama? Gefen abu ishirin ya ɓalle, ruwa ya cika rakuba har ya kusa buhunka. Na ruga na ɗauke ta na ɗaure a azara. Na taɓa ta, sau ɗaya. Ƙaƙa zan dafa Littafi in ce ban taɓa ba?”

Na ce, “Ai da ka faɗa!”

Ya ce, “A gaban mutane, bayan ka kira ni maci amana? Da na ce na taɓa sau ɗaya, da ka ce ga shi ya fara amsawa. Na san ka.”

Ban musa ba, domin kuwa haka zan ce ɗin. Na tashi na sauko da jitar, na miƙa masa. Na ce, “Riƙe ta. Da ba don kai ba da tuni ta ruɓe. In kana so ma ka tafi da ita.”

Abakar ya dubi jitar, ya dube ni, fuskarsa ba fushi ko kaɗan. Sai ya mayar da hannuwansa biyu bayansa ya haɗe su. Ya ce, “A'a, aboki. Kaɗa mini dai wadda kake faɗuwa a cikinta, in ji ko ka gyara.”

Na zauna na kaɗa. Shekara da shekaru ina wuce wurin nan lafiya, ranar kuwa ina isowa yatsuna suka sarƙe. Na tsaya ina jira. Bai ce komai ba, hannuwansa suna bayansa har lokacin da muka ji lorin yana kira daga bakin hanya.